Yadda za ka tsara farashin gilashin tabarau idan yawancin kwastomominka na da inshorar ido

Idan kana riƙe da shagon tabarau a Amurka, ko an damƙa maka sashen tabarau a asibitin likitan ido, ka fara sanin cewa farashin da ka rubuta a takardarka daban, kuɗin da ke kwana a asusunka daban. Aikina ke nan: gwada tabarau a fuskar mutane, tura oda masana'anta, da bin kuɗi a wajen kamfanonin inshora. Na ga shagunan da ke cike da jama'a tun safe har yamma, amma a ƙarshen wata mai shago ya rasa inda riba ta shige. Yawanci a gilashi take zurarewa. Firam kowa na ganinsa, kowa ya san nawa aka saro shi. Gilashi kuwa lissafinsa a warwatse yake: wani ɓangare a hannun kwastoma, wani a takardar inshora, wani a rasitin masana'anta, kuma ba rana ɗaya suke zuwa ba.

Ka san da wa kake ciniki

Abin da ake kira inshorar ido bai yi kama da inshorar lafiya da ke ɗaukar nauyin tiyata ko kwanciya asibiti ba. Tsari ne na rangwame da aka biya tun gaba: awon ido sau ɗaya a shekara, gilashi sau ɗaya a shekara, firam a shekara ɗaya ko biyu, da alawus na firam wanda sau da yawa yakan faɗa tsakanin dala 130 zuwa 200. Kuɗin da ake cire wa ma'aikaci a albashinsa duk wata kaɗan ne, don haka abin da kamfanin zai biya ka ma ba zai yi yawa ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne manyan kamfanonin nan suna da hannu a kowane ɓangare na sana'ar. Likitocin ido ne suka kafa kamfanin inshorar ido na VSP a Kalifoniya a 1955, yau kuma ita ke da kamfanin firam na Marchon, da masana'antun gilashi, da gilashinta mai suna Unity, da shagunan Visionworks da ta saya a 2019. EyeMed tana ƙarƙashin EssilorLuxottica, kamfanin da aka samu bayan haɗewar Essilor da Luxottica a 2018, kuma gidan nan ne ke da gilasai da shafe masu suna Varilux da Crizal da Transitions da shagunan LensCrafters. Davis Vision da Superior Vision suna ƙarƙashin Versant Health, wadda MetLife ta saya. Spectera ta UnitedHealthcare ce. Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Na kawo ne don ka fahimci dalilin da ya sa wani gilashi ke samun matsayi mai kyau a jadawalin wani kamfani, a wani kuma bai samu ba. Wanda ke biyanka yana iya zama shi ne mai sayar maka da kaya, kuma shi ne mai shagon da ke takara da kai a tsallaken titi.

Hanyoyi biyu da kuɗi ke bi

Kafin ka taɓa farashi ko ɗaya, ka ɗauko kwantiragin kowane kamfani ka gano wace hanya yake bi.

A hanya ta farko, kamfanin inshora ne ke biyan masana'anta. Kai za ka tura oda zuwa masana'antar da ya amince da ita, ka karɓi kason da aka yanka wa kwastoma a kan teburinka, kamfanin ya ba ka ladan aiki, sannan ya zaftare kuɗin masana'anta na kowane ƙari daga abin da zai turo maka. Da wannan tsari aka san VSP. Davis Vision ma an san ta da wannan hanya da jerin firam ɗinta da ake ajiyewa a shago.

A hanya ta biyu, kai ke biyan masana'anta daga aljihunka, kamfanin ya biya ka adadin da ya tsayar, kwastoma ya cika nasa kason. Abin da ya rage bayan rasitin masana'anta shi ne naka.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali da na shirya don aikin nan, domin kowane kwantiragi da nasa. A ce mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, tana buƙatar gilashin furogiresif, wato wanda ke haɗa ganin nesa da na kusa ba tare da layi ba, na folikabonet, wato roba mai wuyar fashewa, da shafen hana ƙyalli. A takardarka furogiresif dala 300 ne, folikabonet 60, shafe 110. Jimla 470. Masana'antarka tana yi maka aikin a kan 150. Idan ba ta da inshora, dala 320 ta rage maka.

Idan tana ƙarƙashin kamfani mai hanya ta farko, a ce ta biya 25 na kaya, 95 na furogiresif, 35 na folikabonet, 70 na shafe. Ka karɓi 225 a hannu, ranar nan ranka ya yi fari. Ladan aikinka 45 ne, amma za a cire 25 ɗin da ka riga ka karɓa, saura 20. Sai a zaftare 55 da 15 da 40 na masana'anta, wato 110. Abin da ya tsaya maka 135.

Idan kamfani mai hanya ta biyu ne, a ce ta biya 230 gaba ɗaya, kamfanin ya turo 30. Ka samu 260, ka biya masana'anta 150, saura 110.

Gilashi ɗaya, aiki ɗaya, mace ɗaya: 320, ko 135, ko 110. Kuma ba a gama ba, don ba ka cire kuɗin haya da albashi da wuta da kuɗin na'urar kati ba. Ka haɗa duk abin da sashen tabarau ke ci a wata, ka raba da yawan tabarau da kuka miƙa. Idan dala 18,000 kuke kashewa kuna fitar da tabarau 200, kowanne yana ɗauke da dala 90 tun kafin a sa shi a fuska. Wani ɓangare na 90 ɗin ribar firam ce za ta ɗauka, amma ka ga yadda 110 ta koma ƙarama.

Wannan lissafin shi ne ginshiƙin komai, kuma ina roƙonka ka yi shi da takardun gaske. Ka ɗauko bayanan biya na wata uku, ka zaɓi nau'in gilashi goma da kuka fi sayarwa, ka buɗe shafi a kwamfuta: kowane layi gilashi ɗaya, kowane ginshiƙi kamfani ɗaya, a cikin akwatin ka rubuta abin da ya rage bayan masana'anta. Kada ka kwafa daga littafin kamfani, ka kwafa daga abin da aka biya ka. Littafi yana faɗin abin da ya kamata, takardar biya tana faɗin abin da ya faru, har da odar da aka ƙi biya saboda an sa lambar da ba daidai ba.

Shafin zai nuna maka inda za ka sa ƙarfi. A hanya ta biyu, rasitin masana'anta ne makaminka. Ka zauna da wakilinsu, ka nuna masa yawan aikin da kake turawa, ka nemi ragi. Idan 150 ta sauko 120, ragowarka ta tashi daga 110 zuwa 140 ba tare da kwastoma ta ƙara ko sisi ba. Idan kana da injin yanka gilashi a shago, gilashi mai ƙarfi ɗaya, wato na ganin nesa kaɗai ko na kusa kaɗai, da ake sarowa a shirye yana da arha sosai, kuma za ka iya miƙa tabarau a ranar. A hanya ta farko kuwa ba ka da ta cewa a farashin masana'anta, sai dai zaɓin kaya.

Takardar farashinka

Kamfanoni da yawa suna biyan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashinka na yau da kullum da adadin da suka tsayar. Idan sun yarda kwastoma ya biya 35 a folikabonet amma kai ka rubuta 30, to 30 za ka karɓa. Babu wanda zai kira ka ya ce ka yi arha. Don haka ka bi takardarka layi-layi, ka tabbatar babu inda farashinka ya sauka ƙasa da mafi girman abin da wani kamfani ya yarda da shi.

Akwai kuma kayan da inshora ba ta ɗauka amma kwantiragi ya tilasta maka rangwame a kansu, sau da yawa kashi 20 cikin ɗari, wani lokaci fiye da haka a tabarau na biyu. A nan daga baya ake lissafi zuwa gaba. Idan kana buƙatar dala 80 ta shigo a kan wani ƙari, ka raba 80 da 0.8, farashinka ya zama 100. Mutane da yawa suna ƙara kashi 20 a kan 80 su rubuta 96, sai rangwame ya sauko da su 76.80. Asarar ba ta kai dala huɗu ba a tabarau ɗaya, amma kullum ake yin ta.

Ka rarraba takardar yadda ake neman biya. Kamfanoni suna aiki da lambobin HCPCS, wato lambobin da ake sa wa kowane kaya a takardar neman biya: jerin V2100 na gilashi mai ƙarfi ɗaya, V2200 na mai gida biyu, wato na nesa da na kusa da layi a tsakani, V2300 na mai gida uku, V2781 na furogiresif, V2750 na shafen hana ƙyalli, V2744 na gilashin da ke duhu a rana, V2784 na folikabonet, V2782 da V2783 na gilashi siriri. Ko kana sayar wa masu biyan kuɗi hannu a dunƙule, dole kowane ɓangare ya zama yana da farashinsa a rubuce, kuma ka lura ko na ido ɗaya ne ko na biyun, don yawancin lambobin gilashi na ido ɗaya ne.

Takardar nan ɗaya ce ga kowa. Kada ka ajiye ta masu inshora mai tsada a aljihun tebur, ta masu kuɗi hannu mai sauƙi a bango. Kwantiragi ya hana, kuma idan masu bincike suka zo, abin da suke fara kwatantawa ke nan. Haka nan kada ka yafe wa kwastoma kasonsa don ya ji daɗi ko don ka ja shi daga wani shago. Kamfanin ya biya ka ne bisa cewa ka karɓa. Na san yadda zuciya ke yi idan dattijo ya tsaya yana ƙirga abin da ke cikin walat ɗinsa, amma hanyar taimaka masa ita ce ka nemo masa gilashin da tsarinsa ya biya gaba ɗaya, ka gwada masa shi da kulawa kamar na mai tsada.

Zaɓin gilashi a cikin rukuni

Kamfanoni suna kasa furogiresif da shafe rukuni-rukuni, daga na talaka zuwa na ƙoli, kowane rukuni da kason kwastoma da abin da ake zaftarewa. Gilashi biyu na kamfanoni daban suna iya zama a rukuni ɗaya, kwastoma ya biya kuɗi ɗaya, amma ɗayan ya fi faɗin wajen karatu ko ya fi sauƙin sabawa. Haka kuma gilashi ɗaya yana iya zama a rukuni na uku a wannan kamfani, na huɗu a wancan. Jadawalin yana canjawa, don haka duk shekara ka sake dubawa.

Shawarata ita ce ka taƙaita. Furogiresif uku sun isa: na shiga, na tsakiya, da na ƙoli wanda ake sarrafawa da kwamfuta bisa yadda firam ya zauna a fuskar mutum. Shafe biyu. Ka zaɓi waɗanda ke cikin jadawalin manyan kamfanonin da kake hulɗa da su, ma'aikatanka su san su ciki da bai. Shagon da ke sayar da furogiresif goma sha biyar babu wanda ya san ɗaya daga ciki da kyau.

A nan ne kuma jarrabawar amana take. Shafin lissafinka zai nuna maka cewa ragowar ta fi yawa a ƙari, sai zuciya ta fara raya maka ka ɗora wa kowa komai. Kada ka yi. Ka bar awon ido ya yi magana. Robar CR-39 tana da ma'aunin lanƙwasa haske kusan 1.50, kuma ganinta garau ne, lambar Abbe ɗinta, wadda ke nuna tsabtar gani, wajen 58. Folikabonet 1.59 ne, ba ya saurin fashewa, shi ya sa ake ba yara da masu aikin ƙarfi da mai ido ɗaya, amma Abbe ɗinsa wajen 30 ne, wasu sukan ga launi-launi a gefe. Trivex 1.53 ne, shi ma yana da juriya, ya fi sauƙin nauyi, ga shi ya dace da firam marar baki da ake hudawa. Siririn gilashi na 1.67 ko 1.74 na mai awo mai ƙarfi ne. Wanda awonsa bai wuce 1.50 ba, ka sayar masa 1.67, kuɗinsa ka ci, kaurin da ka rage masa ido ba zai gani ba. Mai awon 7.00 kuwa, idan ka bar shi da CR-39 a babban firam don gudun maganar kuɗi, ka cuce shi ta wata hanyar. Wani lokaci ƙaramin firam da ƙwayar ido ta zauna a tsakiyarsa yana rage kauri fiye da tsallakawa zuwa gilashi mai tsada, kuma kyauta ne.

Sake aiki

Babu abin da ke cinye ragowa kamar tabarau da aka dawo da shi. Idan 110 ta rage maka, sai aka sake gilashin a kan kuɗinka, aikin ya koma asara, ga lokacin ma'aikaci sau biyu. Ka san ƙa'idar kowane kamfani da kowace masana'anta: sau nawa ake sakewa kyauta, cikin kwana nawa, kuma wa ke biya idan likita ne ya canja awo, ko ma'aikaci ne ya yi kuskuren gwaji, ko kwastoma ne ya kasa sabawa. Ka riƙa rubuta dalilin kowace sakewa. Yawancin matsalar furogiresif daga gwaji take: a daidaita firam a fuska tukuna, a auna nisan ƙwayar kowane ido daga hanci daban-daban, a ɗauki tsayin kowane ido mutum yana zaune yadda ya saba. Minti biyar ɗin nan sun fi kowane ƙarin farashi amfani.

Mai biyan kuɗi hannu

Shi ne wanda tsarin nan ya fi dannewa, kuma yana damuna. An ɗaga takardar farashi don kada a yi asara a wajen inshora, sai wanda ba shi da inshora, wanda sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, ya tarar da 470 a gabansa. Kuma yana da inda za shi. Tun 1978 dokar FTC, hukumar tarayya mai kula da kasuwanci, ta wajabta a ba kowa takardar awon idonsa da zarar an gama, ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko zai sayi tabarau a wajenka ko ba zai saya ba. Warby Parker, mai sayar da tabarau, ta fito a 2010 da tabarau na dala 95 har da gilashi, ga masu sayarwa a intanet da suka fi haka arha.

Mafita ita ce ka tanadi kaya na daban masu sauƙi: jerin firam da ka saro da arha, da gilashi mai kyau wanda ba na babban suna ba, a farashi ɗaya dunƙule, buɗe ga kowa, har mai inshorar da ya ga ya fi masa sauƙi ko yake son na biyu. Da yake kaya ne daban, ba ka karya farashinka na yau da kullum ba. Amma kafin ka fara rangwame ga masu biya nan take a kan kayan da ke takardarka, ka nuna wa lauya kwantiragin, domin wasu kamfanoni suna ɗaukar abin da ka saba karɓa a zahiri a matsayin farashinka. Ka kuma tuna wa mutane asusun FSA da HSA, wato asusun da ake tara kuɗin kula da lafiya ba tare da haraji ba, tabarau na likita yana cikin abin da ake biya da su.

Wasu ƙa'idoji na daban a taƙaice. Medicare na asali, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ya biyan tabarau sai guda ɗaya bayan tiyatar yanar ido da aka dasa gilashi a ciki. Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, kowace jiha da tsarinta. Dokar lafiya ta 2010 ta sa kula da idon yara cikin abubuwan da dole tsare-tsaren ɗaiɗaikun mutane da na ƙananan kamfanoni su ɗauka, kuma tsare-tsare da yawa suna biyan folikabonet na yara gaba ɗaya, don haka ka duba kafin ka caji iyaye. Jihohi da dama kuma sun yi dokar da ta hana kamfanin inshora yanka maka farashin abin da ba ya biya, ko tilasta maka masana'antarsa. Ka tambayi ƙungiyar likitocin ido ta jiharka, ka kuma tambaya ko dokar ta shafi tsarin da babban kamfani ke ɗaukar nauyinsa da kansa, don irin wannan yakan faɗa ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA, maimakon dokar jiha.

Ko a ci gaba da kamfani ko a rabu

Idan ginshiƙin wani kamfani a shafinka ya nuna ragowar da ba ta rufe kuɗin aiki, kada ka yanke hukunci da gilashi kaɗai. Ka haɗa kuɗin awon ido, da firam, da tabarau na biyu, da majiyyatan da suka shigo ta hanyarsa aka gano musu hawan jinin ido ko illar ciwon sukari suka ci gaba da zuwa a kan inshorar lafiya. Ka duba kuma ko kujerar likita a cike take. Sabon shago mai guraben lokaci yana iya amfana da kamfanin da ke biya kaɗan. Shagon da ake jira mako uku kafin a ga likita yana ba da gurbin wanda zai fi biya.

Shawarar taka ce kai kaɗai da akawunka. Kada ka zauna da masu wasu shaguna ku tsayar da farashi, ko ku haɗa baki ku fita daga wani kamfani tare, domin dokar Sherman ta 1890 tana hukunta wannan ko da niyyarku kyakkyawa ce. Idan ka yanke fita, ka duba yawan kwanakin sanarwa da kwantiragi ya gindaya, ka rubuta wa kwastomomin da abin ya shafa tun da wuri, ka shaida musu cewa tsare-tsare da yawa suna mayar da wani kaso ko an sayi tabarau a shagon da ba ya cikin jerinsu, kuma ka koya wa ma'aikaci ɗaya cike takardar neman mayarwar don ya riƙa yi musu kafin su bar shago.